Malamin da Yab Bi Yara Fadama

Abin ga ya faru bayan an tare gulbi da dam ɗin Goronyo, amma ba nan da nan ba. Sai da anka ja kanal, babbar hanyar ruwan nan ta siminti da tar ratsa bayan garinmu, sai kuma da mazanmu sunka saba da noman shinkafa da rani. Mai gidana ya riga ya rasu, na daɗe da fita takaba. Babbar ambaliyar da tak kwashe rabin gidajen gari kuwa ba ta zo ba tukuna. To, tsakanin nan ne.

Ni ban taɓa zama aji ba, ban ko ɓoye ma kowa. Amma a garinmu ba a biki ko suna ba a aiko mani ba, in mata sunka yi faɗa ɗakina a kan kawo su. Da anka aiko daga ofishin ilimi cewa dole kwamitin makaranta shi samu mace guda, ba wanda yat tsaya dogon shawara, ni anka ɗauka. Ciyaman ɗin kwamitin ƙanen mai gidana ne, abokin wasana tun ina amarya. In na shigo taro sai shi ce, "Ga matata ta iso, kowa shi ɓoye goronshi." In ce, "Miji ba ko akuya? Gusa in zamna." A yi dariya, liman shi buɗe da addu'a.

Aikinmu ba wani mai yawa ba ne. Awaki na shiga aji, a yi maganar darni. Alli ya ƙare, a ce hedimasta shi tai shi roƙo. Babbar damuwarmu guda ce: iska ta yaye kwanon ajujuwa, yara na zama rana bisa kansu. Mun daɗe muna kai kuka. Daga baya anka ce za a gina muna sabbin ajujuwa, amma sai iyaye sun yi alkawarin ba mai cire ɗanshi daga makaranta don aikin rani. Mazan kwamiti sunka je gaban uban ƙasa sunka yi alkawarin. Kowa ya san ba su iya cikawa.

Wanda bai noma shinkafa ba bai san janbaki ba. In shinkafa ta fara nono, tsuntsayen ga kan taso awa hayaƙi, su sauka gonarka, kafin ka dawo daga masallaci sun bar maka kara. Ba abin da ke tsare su sai mutum tsaye tun asuba, yana jan igiya mai gwangwanaye yana ihu. Manya na wajen ban ruwa da dashen albasa. Wa yar rage? Yara. Ni kaina jikata, ɗiyar ɗana, da hannuna nike tashe ta ta tai gona. Abincinmu na shekara ke can.

Akwai wani malami da anka kawo muna daga wajen Rabah, gajere, mai saurin fushi, bakinshi kullum ja da goro. Ba shi da fara'a, yara na tsoron bulalarshi. Shekararshi ta fari, da lokacin tsuntsaye yay yi, ya zamna cikin aji shi da kujeru. Ta biyu bai zamna ba. Wata safiya na kai ma jikata koko gona, sai nig gan shi bakin kanal, ya jingina baƙin allo jikin giginya, wandonshi naɗe har gwiwa.

Nic ce, "Malam, lafiya? Ko kai ma tsuntsu kaz zo kora?"

Yac ce, "Inna, kun hana su zuwa wurina, ni na zo wurinsu. Kina da magana?"

Nic ce, "Ni? Allah shi ba da haƙuri. Ga koko in kana sha."

Ya raba yaran biyu. Rabi na bisa igiya, rabi na gaban allo, in rana ta ɗan ɗaga su yi musanya. In taron janbaki yat taso, shi da kanshi kan yar da alli shi ruga yana kaɗa hula yana zagin kakannin tsuntsaye, yara na faɗuwa don dariya. Haka sunka yi rani bayan rani. Ba uban da bai sani ba. Wasu har albasa su kan aika mai gida. A nan bakin kanal jikata tak koyi karatu, ina tsaye da ƙwarya ina jin ta tana haɗa baƙaƙe.

Shekarar da nike ba ku labari, hedimasta ya gaya muna a taro cewa za a yi ranar ba da kyauta, a karrama yaran da sunka yi fice, kuma kwamiti shi fid da malami guda da za a ba takardar yabo daga ofis. Ban bari an gama ba nic ce malamin fadama. Ba wanda yay yi musu. Liman ma cewa yay yi ya cancanta.

Kafin a kai sunanshi, mai duba makarantu yaz zo bisa babur ba tare da ya aiko ba. Yat tarar da ajin malamin ba yaro ba malami. Anka nuna mai hanyar fadama, yaj je yag gani da idonshi. Mutum ne mai hankali, bai yi faɗa ba. Ya ce a tara kwamiti, tambaya guda zai yi.

Munka zamna ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Malamin na gefe tsaye, ya rungume hannuwa. Baƙon yac ce, "Iyaye sunka kai yaran ga gona malami yab bi su, ko malami yak kwashe su daga aji?"

Kowa na kallon tabarma. In sun ce su ne, sun ƙaryata kansu gaban uban ƙasa, ajujuwa kuma sun tafi. Can ƙanen mai gidana yag gyara murya yac ce, "Ranka shi daɗe, mu dai makaranta muke turo ɗiyanmu. Abin da malam ke yi da su bayan nan, shi yas sani."

Sauran sunka ɗaga kai alamar haka ne.

Nit tashi tsaye, ban ko gyara lulluɓi ba. Nic ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Ɗiyanka nawa ke bisa igiya yanzu haka da muke magana? Ni na kai jikata da hannuna, kai ka kai naka, liman ya kai nashi. Wanga bawan Allah bin su yay yi."

Baƙon yaj juyo yana kallona. Na ga ya fara saurare. Sai ƙanen mai gidana yab bushe da dariya, har da bugun cinya. Yac ce, "Ranka shi daɗe, kada ka biye mata. Matar wana ta, abokiyar wasana. In na ce rana ta fito sai ta ce dare na. Tun ina yaro haka muke. Zamna, tsohuwa, na saya maki goro."

Mazan sunka kama dariya, har da waɗanda ba su ji daɗin yin ta ba. Baƙon ma yam murmusa, don shi ma Bahaushe ne, ya san wasan ƙanen miji. Nic ce, "Wallahi ba wasa nike ba." Wani daga baya yac ce, "Kun ji ta, har da rantsuwa!" Dariyar taƙ ƙaru. Na yi magana a garin nan an raba aure da ita, an ɗaura wani, amma ranar nan ina tsaye maganata ta koma abin dariya a bakina.

Baƙon yat tambayi malamin ko yana da abin cewa. Yad dubi mazan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yat tofar da goron bakinshi. Yac ce, "Ba ni da shi."

Ba a kore shi ba. Canjin wurin aiki anka yi mai, can wani ƙauye bayan Maikujera inda mota ba ta shiga da damana. Ranar da zai tashi na dama fura nik kai mai. Na ishe ana ɗaure katifa bisa amalanke, matarshi na zamne bakin ƙofa da goyo. Mazan gari sun zo rakiya, ya ƙi ba kowa hannu.

Nic ce, "Malam, mi yas sa ba ka faɗi gaskiya ba? Da mun zama mu biyu."

Yac ce, "Inna, in mutum ya kai ga sai ya roƙi uban yaro shi yarda ɗanshi ne, mi yar rage? Su riƙe ajujuwansu."

Nic ce, "Ka yafe muna."

Yac ce, "Ke ba ki yi mani komi ba." Sauran bai ce ya yafe ba. Ya sha furar a tsaye, yam miƙo mani ƙwarya.

Ranar ba da kyauta an kafa rumfa, an kawo kujeru daga Wurno, manyan ofis sun zo da manyan riguna. Ni an ba ni kujera gaba don ina kwamiti. Yaran da anka kira, kusan dukansu 'yan bakin kanal ne. Anka kira jikata ta karanta gaban jama'a. Ta karanta ba gargada, mata na guɗa, anka ba ta littattafai da sabulu. Mai gabatarwa yac ce a tafa ma malaminta, anka tafa ma wani saurayin malami da anka ba ajin bayan tafiyar wancan. Shi anka miƙa ma takardar yabon. Yaron kirki ne, ya karɓa kanshi ƙasa, bai ko buɗe ta ba. Jikata na tsaye da sabulu tana waige-waige, tana neman wanda ba ya nan. Ban yi guɗa ba. An ce ranar nan na tsufa a fuska.

Da anka watse ƙanen mai gidana yat tare ni yac ce, "Matata, yau kam ba ki tanka mani?" Nic ce, "Sannu, Alhaji. Ina gajiya?" Nig gaishe shi yadda a kan gaida baƙo, niw wuce. Tun daga nan haka nike gaishe shi.

An gina ajujuwan, masu kyau, da tagogin ƙarfe. Da shinkafa taf fara nono janbaki sunka dawo, yara sunka koma bisa igiya, ba wanda yab bi su. Ƙannen jikata duka bisa igiyar nan sunka tashi, ba wanda yak kai inda tak kai. Na sha cewa zan je in gano malamin, ƙafa ta hana, yau ciwo gobe rasuwa. Wata rana wani mai saye da sayar da gero yag gaya mani a kasuwar Goronyo cewa an yi jana'izarshi tun kaka, ciwon ciki, ba a samu motar fito da shi ba. Na zamna nan bisa buhun mutane har anka tambaye ni ko lafiya.

Cikin waɗanda abin ga yat taɓa, liman ya rasu, hedimasta ya rasu, mai duba makarantun ban san inda yake ba. Saurayin malamin yana nan, ya yi furfura, yana sayar da irin albasa a Wurno. Jikata na aure a Dinawa da ɗiyanta. Matar malamin an ce tana wajen danginta a Rabah. Ƙanen mai gidana na nan, idanunshi sun tafi, a kan fito da shi ƙofar gida da hantsi. Sai ni.