Hanya Ɗaya Take Bi

A shagon kayan lantarki, wani dattijo ya ɗora tsohuwar talabijin mai ƙatuwar ƙeya kan kanta, fuskarta rufe da tawul. Rigarsa a goge, idanunsa jajur. Na'urar haɗa kwamfuta da talabijin ɗin yake nema.

"Baba, ga ta," in ji mai shago. "Hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa talabijin."

Dattijon yana jujjuya ta a hannu. Ni da nake tsaye a gefe, ina zaton bidiyon wani nasa da ya rasu zai kalla.

"Ɗana, ka tabbata? Na ciki ba zai biyo wayar ya fito ba?"

Mai shago na dariya. Dattijon kuwa tawul ɗin yake gyarawa, yana shafa talabijin a hankali, kada ta farka.