Armiya'u Katuru, Maganar Aurenmu Tana Nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Alhaji Armiya'u Katuru, mawaƙi kuma mai shirin "Bakin Tabarma" na talabijin, bayan jinyar wata biyu a Gusau. Da la'asar muka kai shi makwancinsa a Kaura Namoda.

Armiya'u, ni ba marubuci ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya na shiga tasha dako, yau kuwa motocina bakwai ke jigilar hatsi tsakanin Kaura, Zurmi da Shinkafi. Ko taya ba wanda ya ba ni. Saboda haka abin da zan faɗa a kanka ban nemi izinin kowa ba.

Na san ka tun kana yi wa mahauta kalangu a kasuwar Shinkafi, ina sauke buhuna kana tsokanata da waƙa. Daga nan muryarka ta shiga rediyo, sai talabijin. Ka ƙi kujera, ka ce a shimfiɗa tabarma, ka riƙa gayyato manoma da direbobi da masu fura kuna ba'a, har tsofaffi suka koyi lokacin shirinka.

Shekarar da hanya ta lalace da 'yan bindiga, ka ce sai an ɗauki shiri a Birnin Tsaba. Masu kyamara suka noƙe, ban kuma ga laifinsu ba. Ka same ni a tasha ka ce, "Maccido, in ba mu tahi ba, wa za ya hwaɗa ma duniya mutanen ga na nan da rai?" Ka hau gaban motata da kalangunka, muka ɗauka da waya. Makon da aka nuna shirin wata mata ta kira daga Legas tana kuka, ta ga tsohuwarta a bayanka tana tafi.

Bara ɗanka Faruku, malamin makaranta, ya nemi ɗiyata Muhsina, ita ma shi take so. Ka zo da kanka ka zauna a ƙasa cikin zaurena, ka ce, "Na san abin da danginka za su ce. In da nauyi, hwaɗa mini, ba mu ɓatawa." Na ba ka. Aka sa rana.

Ranar sadakar ukunka, ba a ko naɗe tabarmi ba, yayyena biyu suka ja ni gefe. "Tunda Allah ya yi ikonsa, a bar zancen ga haka nan. Gidanmu ba mu taɓa haɗa jini da maroƙa ba." Ɗayansu, da idona na gan shi a bikin ɗansa yana rawa yana miƙa wuya ko za ka ambaci sunansa. Kana raye ba wanda ya iya tarar ka da wannan magana. Sai da ƙasa ta rufe maka ido.

To ga amsata a rubuce, don kowa ya karanta. Kakanmu gero yake nomawa, ba rawani ya bar mana ba. Mutumin da ya shiga hanyar da mu direbobi muke tsoro, ban ga gidan da ya fi ƙarfin jininsa ba. Na girmama yayyena, amma ɗiyar tawa ce. Faruku, ka zo da baffanninka Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla, ƙarfe sha ɗaya, ƙofar gidana. Wanda ba zai zo ba, Allah ya ba shi lafiya, za a ɗaura.

Allah ya jiƙanka, Armiya'u, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka shida, da mahautan Shinkafi, da mutanen Katuru, da uwargidanka Hajiya Saudat, surukata.

Alhaji Maccido Mai Motoci
Kaura Namoda