Ghali Mai Kifi Bai Sha Kunun Ba

An cire sunan Malam Ghali mai kifi daga cikin waɗanda suka gama gasar iyo da keke da gudu, wadda aka taso daga Tiga aka ƙare a hanyar Doguwa. Kuma a lasifika aka faɗa, a gaban matarsa da mutanen garinsu, wai ya yi maguɗi. Mutumin da shekararsa hamsin da biyu, ba a taɓa kama shi ya sayar da kifin jiya da sunan na yau ba.

In ba ku san shi ba, shi ne siririn nan mai furfura a gemu da ke shigowa Ƙafin Maiyaki da hantsi, kwandon karfasa da tarwaɗa ɗaure a bayan keke. Ɗan masunta ne na bakin dam. Tun yana ƙarami ubansa ya ɗora shi a kan gora ya tura shi ruwa, daga baya ya janye goran. Keke kuwa sana'a ta koya masa, don sai ya zaga Kiru da ƙauyukanta kafin rana ta taɓa kifin. Gudun ma haka. In taya ta yi faci a daji, kifi ba ya jiran mai gyara, sai ya kama kan keken ya yi ta gudu da shi har gari. Shekara talatin yana wannan, bai taɓa jin an kira shi wasa ba.

Matarsa Luba ce ta ji sanarwar a rediyo tana kan keken ɗinki.

"Baban Nusaiba, ka ji wai wahalar da kake sha kullum 'yan birni sun mai da ita gasa. Har lambar yabo ake rataya wa mutum."

"Su ma kifi suke kaiwa?"

"Hannu rabbana suke tafiya."

"To ai da sauƙi," in ji shi.

Bayan kwana biyu ya je ya ba da sunansa. Daga nan ya fara fita gudu in an idar da sallar asuba, ba keke ba kwando, abin da ya tayar wa unguwa hankali. Ran farko wani dattijo da ya gan shi a guje sai shi ma ya tattare riga ya rufa masa baya, sai da suka wuce gona biyu sannan ya tambaya yana haki, "Malam Ghali, wai me ya biyo mu?" Luba ta sha dariya har da hawaye, amma ita ta zauna ta ɗinka masa wando mai rufe gwiwa, don ta ce mijinta ba zai shiga jama'a da matsattsun kayan nan kamar an zuba mutum a leda ba.

Ranar gasa mutum sittin da ɗoriya suka taru a bakin ruwa, yawancinsu sa'annin 'ya'yansa. Aka liƙa masa lamba arba'in da bakwai, aka ara masa hular kwano. Wani matashi cikin alƙalan gasar, Kamilu, ya karanta dokoki da Turanci ya maimaita da Hausa: duk wanda ya ci ko ya sha wani abu daga hannun mutanen gari, ba daga teburin kwamiti ba, ya fita. Ghali ya ji da kunnensa, ya kuma riƙe.

A ruwa bai sha wuya ba. Masu tabarau na roba suna ta bugun ruwa kamar suna faɗa da shi, shi kuwa ya kwanta a gefe yana ja a hankali irin na masunta, ya fito na tara. A keke ne aka fara wuce shi, don nasu kekunan mutum zai ɗaga da yatsa biyu, nasa kuwa baƙin ƙarfe ne mai kariyar ɗaukar kaya a baya. Bai damu ba. Ya san kowane rami a hanyar nan da inda iska ke bugowa.

Sai da ya doshi Ƙafin Maiyaki ya hango ta. Inna Delu, uwar Luba, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana tsaye a bakin titi ta dogara da sanda, da 'yar jarka a hannu. Tun safe ta dama kunun zaƙi, ta toshe bakin jarkar da leda ta ɗaure da zare, don ta ji an ce surukinta zai wuce.

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai wuce uwar matarsa a kan keke ya ɗaga mata hannu? Tun daga nesa Ghali ya ja birki ya sauka, ya cire hular kwano, ya turo keken, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni."

"Lafiya lau, Malam. Ya gajiya? Ya su Luba? Nusaiba ta warware?"

"Ta warware, Inna. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Yanzu kai da girmanka kake tsere da yara? Ji yadda ka jiƙe. Ungo, jiƙa maƙoshi."

Mutum shida suka wuce shi fiu yana durƙushe. Ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Sha mana."

Ya sunkuyar da kai. "To, Inna. Sai a gaba."

Ta yi murmushi, don ta san ba zai sha ba. Shekara ashirin da shida da auren 'yarta, ko ruwa bai taɓa kurɓa a gabanta ba. Ya ɗaure jarkar a kariya, ya tura keken sai da ya ba ta baya sosai sannan ya hau. Ashe wani ɗan kwamiti a kan babur ya ɗauki hotonsa da waya daidai lokacin da ya miƙa hannu.

Bayan Tudun Wada aka ajiye kekuna aka shiga gudu, rana ta take. Nan ne ya gane shekaru ba ƙarya ba ne. Cinyarsa ta dama ta ɗaure, ya yi ɗingishi, ya tsaya ya murza, ya ci gaba. Duwatsun Doguwa suna gabansa, kamar ana ja da su baya. Samari biyu ya wuce a zaune a gindin bishiya sun cire takalma, har ya ce musu sannu. Da la'asar ya taka layin ƙarshe, na goma sha huɗu, kuma babu wanda ya kai shi shekaru a cikin waɗanda suka gama. Luba, da ta biyo motar kasuwa tun hantsi, ta rangaɗa guɗa ba ta ko ji kunya ba.

Ana cikin rataya lambobin yabo lasifika ta ce an soke lamba arba'in da bakwai saboda maguɗi.

Ghali bai ɗaga murya ba. Ya je inda motar kwamiti ta sauke kekuna ya turo nasa har gaban Kamilu. Jarkar na nan a kariya, cike, da ledarta da zarenta.

"Ɗana, duba nan. Ɗaurin tsohuwa ne, ko kwance shi ban yi ba."

"Baba, hoto ya nuna ka karɓa."

"Karɓa na yi. Cewa ka yi wanda ya sha. Kana da iyali?"

"Ina da."

"Uwar matarka ta miƙo maka abu, sai ka ce mata doka ta hana?"

Kamilu ya sosa ƙeya.

"Ka taɓa shan ko ruwa a gabanta?"

"Ni dai Baba an riga an rubuta. Ka zo baɗi."

Shi ke nan fa. Yaro Bahaushe, wanda ya san amsar sarai, ya zaɓi ya bi hoton waya.

Yau sati uku. Ghali ya koma kan kifinsa, in an yi masa maganar sai ya ce Allah ya sani. Amma kalmar ta riga shi shiga kasuwa. Masu shayi suna tsokanarsa da "Na Maguɗi", yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Shekaranjiya wata mata da ta shekara goma tana sayen kifinsa ido rufe ta ɗaga karfasa ta buɗe kunnen kifin tana shinshinawa. Ya tsaya yana kallonta. Da ya koma gida bai ci tuwo ba. Inna Delu kuwa ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, kullum sai ta aiko a ba shi haƙuri, shi kuma kunya ta hana shi zuwa ya ce mata ta daina.

Saboda haka, ku 'yan kwamiti, ba baɗi ba, bana. Ku mayar da sunan Ghali na goma sha huɗu inda ƙafarsa ta kai shi. Ku zo Ƙafin Maiyaki ranar kasuwa, ku faɗa da ƙarfi yadda mai shayi da mai sayen kifi za su ji, cewa bai yi maguɗi ba, ku ne kuka yi gaggawa. In kun gama, ku sa a nuna muku gidan Inna Delu, ku cire takalmanku a zaure, ku shiga ku gaya mata da bakinku cewa ba ta yi laifin komai ba.