Inda Zai Ja Numfashi

Shekara uku na yi ina aiki a wani shagon fotokofi a Bulabulin, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai sayar da turaren wuta. Idan ɗalibai suna gari, ko ɗaga kai ba na samun yi. Idan suka tafi hutu kuwa, sai in wuni ni kaɗai da injin, ina karanta littattafan soyayya da nake ɗaukowa haya a bakin kasuwa. A gidan gwaggona nake zaune a Limanti, ita kuma ba mai magana ba ce. Yawancin hirata a lokacin da mutanen cikin littafi nake yin ta. Har ta kai duk wanda ya shigo shagon sai na ƙaga masa labari a raina, in ba shi masoyiya, in raba su, in sake haɗa su kafin takardarsa ta fito.

Wata Talata, lokacin da zafi ke korar kowa zuwa gindin darbejiya, wani tsoho dogo ya shigo. Rigarsa ta sha guga, Hausarsa kuma ta mutanen kudancin jiha ce. Ya ce mini wushe, gaisuwar mutanen garin nan, sannan ya ɗora da sannu da aiki. A hammatarsa akwai tsohon fayil ɗaure da roba, a hannunsa ƙaramin baƙin akwati.

Da ya kwance fayil ɗin sai na ga takardu masu layi biyar-biyar, cike da baƙaƙen ɗige-ɗige masu wutsiya. Ban taɓa ganin irinsu ba. Ya lura, sai ya yi murmushi ya ce rubutun kiɗa ne. Ya ce ya daɗe yana busa a badujala kafin ya yi ritaya, kuma a can kowane mai busa da takardarsa, mai ƙaho da tasa, mai ganga da tasa, ba wanda ke ganin ta ɗan'uwansa, amma idan aka tashi sai abu ya zama ɗaya. Ya nuna mini na fareti, ya nuna mini na mutum huɗu. Waɗannan ya ce sun daina amfani, don biyu daga cikin abokan busarsa sun rasu, ɗaya ya koma Jos. Abin da yake so a kwafa shafi biyar ne kawai, na sarewarsa da suke kira kilarinet, wanda ake bi da piyano. Takardar ta fara yagewa daga inda ake naɗe ta, kuma zai busa shi a coci ranar Lahadi mai zuwa.

Ba wuta a ranar, janaretanmu kuma yana wajen gyara. Na ce ya bar su, gobe da hantsi ya zo ya karɓa. Ya ɗan jima yana duban takardun, yana dubana, sannan ya miƙo mini su da hannu biyu.

Akwai abin da mai shagon ya koya mini tun ranar farko. Fensir ba ya fita da kyau a injinmu, sai ya zama toka-toka kamar datti, kuma ɗalibi ba ya karɓar kofi mai datti. Saboda haka kafin mu ɗora takarda, sai mu bi ta da robar goge fensir tsaf. Duk layin, ni ake yi wa kirarin tsaftar aiki.

Shafukan tsohon cike suke da fensir. A saman layukan akwai 'yan alamomi kamar waƙafi, nan ɗaya, can ɗaya, sai kuma a wasu wurare an zana ƙaramin tabarau mai ido biyu. Na ce a raina aikin jika ne, ya samu fayil ɗin kakansa ya yi wasa. Na zauna da rana ina gogewa a hankali, ina hure garin robar, ina tunanin yadda zai yi farin ciki. Har labari na ƙaga masa, wai wata ce ya so a ƙuruciya, ya tsara mata wannan kiɗa bai taɓa busa mata ba. Shafi na huɗu da na biyar fensirinsu ya kama takarda, sai da na danna sosai.

Washegari aka dawo da janareta, kofi ya fito fes. Na jera masa a kan tebur tare da na ainihin, ina jiran yabo. Ya sa tabarau ya ɗauki shafin farko, ya ajiye, ya ɗauki na ainihin, ya juya bayansa.

"'Yata, ina fensirin?"

Na ce na goge masa, Baba, don ya fita da kyau.

Bai ɗaga murya ba. Benci ya jawo ya zauna, ya ɗora akwatin a cinyarsa. Can ya ce matarsa ce take buga piyano a cocinsu. Da ya yi ciwon ƙirji shekarun baya, numfashinsa ya ragu, ita ta zauna da shi ta bi kiɗan gaɓa-gaɓa tana sa masa alama a duk inda zai ja numfashi ba tare da ya karya waƙar ba. Zanen tabarau kuma yana nufin ya ɗago ya dube ta, don a nan take sassauta hannu. Bara ta rasu. Lahadin nan ce za ta cika shekara, wata malamar makaranta ce za ta zauna a kujerarta.

Na tambaye shi ko bai riƙe wuraren a ka ba.

"Ban taɓa haddacewa ba," ya ce. "Ita ta ce in bar wahalar da kaina, ai tana nan."

Na karanta rabuwa iri-iri a littafi, na yi kuka a kan wasu har gwaggo ta leƙo ta tambayi wanda ya mutu. Amma a ranar hawaye bai zo ba. Kallon garin robar kawai nake yi, yana nan a gefen tebur inda na tara shi jiya.

Sai na tuna cewa fensir yana barin sawu ko an goge shi. Na ɗauki shafin farko na fita bakin ƙofa, na karkata shi ga rana. Ga su nan, 'yan ramuka sirara. Marigayiyar mai danna hannu ce. Ya taso ya tsaya kusa da ni, ni ina gani, shi yana cewa e, nan ne, ko a'a, wannan naɗin takarda ne. Haka muka dawo da shafi uku, ina bin sawun hannunta da sabon fensir. Na huɗu da na biyar kuwa na riga na murje su har takardar ta yi gashi. Babu komai.

Ya buɗe akwatin ya harhaɗa sarewar, baƙa mai maɓallan azurfa. Ya ce zai busa shafi biyun nan, duk inda numfashi ya yanke masa zai nuna da yatsa, ni kuma in sa alama. Na jingina masa takardar a jikin injin.

Ban san yadda zan faɗi sautin ba. Ba shi da kaifin algaita. Ƙasa-ƙasa yake, kamar mutum yana magana a ɗakin da ke kusa ba ka jin kalmomin. A wasu wurare sai ya yi shiru yana ƙirgawa da ƙafa, ya ce nan piyano ce ke magana. Mai turare ta leƙo, ta gyara laffayarta, ta ce ashe yau biki muke yi ba gayyata, ta koma.

Kwana uku yana zuwa bayan azahar. Yau ya tsaya a nan, gobe ya tsaya gaba kaɗan, sai mu goge mu sake. Ya ce shi ya san alamomin marigayiyar ba su kai yawan namu ba, kuma nata ba sa faɗuwa a tsakiyar magana. Namu dai inda ƙirji ya gaza ne kawai.

A rana ta uku na nuna masa sawun tabarau guda biyu da na gano a shafi na biyu, na tambaya ko in mayar da su. Ya daɗe yana dubawa.

"Bar su," ya ce. "Wa zan duba?"

Ranar Lahadi ban je ba. Bai ce in zo ba, ni ma ban san abin da zan faɗa wa gwaggo ba. Na wuni a tsakar gida ina tsince shinkafa, ina ƙoƙarin tuna yadda shafi na huɗu yake tafiya, ban iya ba.

Ran Laraba ya biyo, ba akwati a hannunsa. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya tsaya. Ya ce ya kai ƙarshen kiɗan. A shafi na huɗu numfashi ya yanke masa a inda ba mu sa alama ba, malamar ta ɗaga hannu ta jira shi, jama'a kuma suka ɗauka haka aka rubuta. Ya ce ɗansa zai zo ƙarshen wata ya tafi da shi Biu.

Na ce Baba, ka yafe mini.

Ya ce Allah ya yafe mana duka, ya ce in gaida mutanen gida. Na tsaya a ƙofa har ya samu keke napep, sannan na koma ciki na zauna.