Kumatun Yaran Fakku

Sana'ata zane ce a Tambuwal: zaki a bayan babbar mota, kawunan aski a ƙofar shago. Shekarar da 'yan bindiga suka watsa ƙauyukan Kebbe, wani jami'in agaji ya ba ni bangon makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Ya ce in zana wahalar yara, baƙi daga birni su gani su tausaya.

Na zage damtse. Na zana yara biyar da na gani a wurin, na fito musu da haƙarƙari ɗaya-ɗaya, har ƙuda na ɗora wa wani a ido.

Kashegari na tarar da wata mata 'yar Fakku, ɗaya daga ƙauyukan da aka watsa, gaban bangon, hannu a ƙugu, tana nuna yarinyar tsakiya.

"Wagga ɗiyata ta. Mi niy yi maka? Gari munka baro, ba mutunci ba. So kaka yi a ce ban ba ta tuwo?"

Na yi mata bayanin baƙi. Ta ce baƙin su zana nasu 'ya'yan. Tana tsaye a kaina na ƙara wa yarinyar kumatu. Ta ce wuya, na ƙara wuya. Kafin azahar sauran iyaye sun ji labari. Wannan a sa wa nata takalmi, waccan hula. Wani tsoho ya ce ƙudan nan ba da shi jikansa ya zo ba, na Tambuwal ne, in kwashe abina. Jami'in ya zo ya ga yara ɓul-ɓul kamar ranar Sallah, ya dafe kai. Na ce ga matar can, ya faɗa mata da bakinsa. Ya dube ta sau ɗaya, ya hau babur ɗinsa.

Na ji haushi sosai, don na tsani a koya mini aikina. Ina wanke buroshi matar ta dawo, murya ƙasa-ƙasa.

"Akwai wuri nan gefe. Sa wani yaro, dogo, mai wushirya."

Na tambayi sunansa, na ce a kawo shi in gani. Ta kau da kai. Wata tsohuwa ta raɗa mini cewa ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. Yana kiwo ranar da aka shigo garinsu, har yau babu labari.

Kunya ta rufe ni. Na fara zane tana gyara mini, hanci, goshi, kunne, har ya fito. Na kai hannu zan ƙara masa kumatu, ta tare ni.

"Shi ramamme na tun yana ƙarami. Bar shi hakanan, kar in kasa gane shi."