Shekarar da Muka Tare a Mota

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na dawo daga makaranta ƙafafuna duk taɓo, na tarar da kujerun motar Baba a jere a ƙofar gidanmu na Mainika, akuyar maƙwabta ta haye ɗaya tana tuƙa abinta. Motar kuwa, farar bas ɗin da yake jigilar 'yan kasuwa da ita tsakanin Gwarzo da Kano, tana tsaye ƙofarta a buɗe, cikinta wayam. Baba na durƙushe a ciki yana buga katako, gumi ya jiƙe masa singileti, mutanen unguwa sun yi cirko-cirko suna kallo. Ni ce mai baki a gidanmu, don haka na leƙa na tambaye shi wane fasinja ne zai yarda ya zauna a ƙasa har Kano. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Gadon Innarku nake yi. Je ki haɗa kayanki, jibi za mu tare."

Wata uku ke nan Inna tana kwance da ciwon ƙoda. Ƙafafunta sun kumbura har silifa ba ya shiga, likita kuma ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako a babban asibiti a Kano. Manya suka zauna a zaure suka yanke abin da aka saba yankewa: mace in ciwo ya yi tsanani, gidan ubanta ake mayar da ita jinya. Za a kai Inna Kabo wajen mahaifinta, wanda muke kira Alhajin Kabo. Yaya Auwalu ya tafi shagon ƙanin Baba, ni a ba Gwaggo Asabe a Gwarzo, autarmu Ummi mai shekara uku kuma a kai ta wani ƙauye da ko sunansa ban iya faɗa ba. Ba mugunta ba ce, haka aka yi wa kowa. Da aka shigo aka gaya wa Inna, matar da sai an tallafe ta take zama ta dafa bango ta tashi da kanta. "Ina numfashi ba za a raba mini 'ya'ya kamar naman layya ba," in ji ta. Baba mutum ne marar magana. Fita ya yi ya nemo sifana ya kwance kujerun motarsa.

Ya shimfiɗa katako a bayan motar ya ɗora katifa, ya yi labule da tsofaffin zannuwan Inna, mai walda ya ƙara masa ƙarfe a saman mota inda aka ɗaure jarkoki da tabarmi da buhun gero. Gonarsa ya bar wa ƙaninsa a kan noman farko, dawa ta kai gwiwa. Ranar da muka tashi na ji wata tsohuwa tana cewa an ɗauki matar aure a mota kamar kayan miya, Allah Ya kyauta. Inna ma ta ji. Ta sa na ɗage mata labule, ta yi wa matan unguwa sallama ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har da tsohuwar, ta ce a zo a ga gida.

Litinin da Alhamis muna Kano, a gindin wata darbejiya jikin katangar asibiti. Sauran kwanakin muna Kabo, ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin gonar Alhaji, inda daga ƙofar gidansa ana hango mu sarai. Inna ce ta zaɓi wurin. Ba ta son ta yi nisa da mahaifinta, ba ta kuma yarda ta shiga gidansa ba, domin ta san in ta shiga ba za ta fito da 'ya'yanta ba. Da safe Yaya ya tafi famfo da jarka, ni in hura gawayi a kurfoti, in dama koko, in yi wanke-wanke a bayan taya. Likita ya hana Inna gishiri, sai Baba ya ce tukunya ɗaya ce a gidan nan, kowa ya ci lami. Mun yi kuka, mun yi ƙorafi, daga baya muka saba. Ruwan shanta kuma da wani ɗan kofin silba ake aunawa, ni ce mai awo, kuma ban taɓa ƙara mata ko ɗigo ba duk lallashin da take mini. Da hantsi ta jingina da filo ta karɓi karatunmu na allo, na boko kuma Yaya ya koya mini da kwalin magani. Da la'asar in zana 'yar gala-gala a inuwar mota, ko mu yi carafke da 'ya'yan tsamiya a bakin ƙofa don ta riƙa ganinmu, tana kama ni in na yi maguɗi.

Dokokinta kuwa sun fi na makaranta. Shara sau biyu a rana, turaren wuta bayan la'asar, ba a shiga da takalmi, kuma ko Baba ne ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama an amsa. "Gidana ne," take cewa, "taya kawai ya fi na mutane da ita." Yaran Kabo suka sa mana suna 'yan mota. Wata rana a famfo wata yarinya ta ce uwarmu mutuwa za ta yi a tasha, na ajiye bokiti na cika mata baki da ƙasa. Na dawo da yagaggiyar riga ina jiran bulala. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in kawo zare da allura, tana ɗinki tana cije leɓe don kada in ga dariyarta. Ban yi nadama ba, har yau ma ban yi ba.

Alhajin Kabo bai tako wajenmu ba har wata biyu. Kullum dai ana kawo ƙwaryar fura da nono daga gidansa, amma shi fushi yake, yana cewa 'yarsa ta tona masa asiri a gari, mutane na nuna shi da baki wai ya bar jininsa a kan titi. Sai wata Alhamis wankin ya zo wa Inna da wahala, muka dawo da ita ko magana ba ta iyawa sosai. Washegari da hantsi, Baba ya tafi neman gawayi, na hango Alhaji tafe da sandarsa, kawunnaina biyu na biye da shi riƙe da bargo. Ba sai an gaya mini ba, ɗaukar ta suka zo yi. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar mota, ya ɗora ƙafa a matakala da takalminsa.

Inna ba ta taɓa haɗa ido da mahaifinta ba tun da na san ta, balle ta mayar masa da magana. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma a wurinmu akwai wasa tsakanin jika da kaka: shi yana ce mini amaryarsa, ni ina ce masa tsohon miji marar haƙori, kuma abin da 'ya ba ta isa ta faɗa ba, jika za ta faɗa a yi dariya. Inna ta san da haka. Ta matse hannuna, cikin muryar da da ƙyar na ji ta ce, "Gaya wa mijinki ban ji sallama ba."

Na miƙe na tare ƙofa. Na ce, "Alhaji, matar gidan ta ce ba ta ji sallama ba. Kuma ba a shigo mana da takalmi."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu Sule ya daka mini tsawa, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon cikin motar ta saman kaina: allunanmu a rataye, buta da dadduma a wajensu, kwanuka a kife a wanke, Ummi tana barci, kanta a kan hannun Inna. Sai ya janye ƙafarsa ya sauka ƙasa. Ya jingina sandar, ya cire takalma ya jera su kusa da namu, ya gyara babbar riga, ya yi sallama cikakkiya da ƙarfi, irin wadda ake yi a zauren mutane. Inna ta amsa daga cikin mayafi. Ya shigo a sunkuye ya zauna a ƙasa, dattijon da hakimi ke miƙa wa hannu, ya fara gaisuwa tiryan-tiryan: an tashi lafiya, ya jiki, ya yara, ya maigidan. A ƙarshe ya ce, "Ya gida?" Inna ta ce lafiya lau, mayafin yana jiƙewa. Ya juya wajen kawunnaina ya ce su mayar da bargon, su kawo zana a kewaye wurin, a haƙa masai, gidan matar aure ba ya zama ba shinge.

Daga ranar kowace safiya yana zuwa, kuma bai taɓa mance sallama ba. 'Yan dubiya ma suka fara zuwa daga Mainika da Gwarzo, takalma a jere a gindin ɗorawa har su tare hanya. Wata goma sha shida muka yi a motar nan. Inna ta cika wata la'asar bayan an yanke dawa, Baba na riƙe da kanta, mu ukun muna jikinta, domin ko mun so matsawa babu inda za mu matsa. Bayan sadakar arba'in Baba ya mayar da kujerunsa, mu kuma aka bi da mu yadda manya suka tsara tun farko, kowa inda aka ce.

Yanzu ina da gida a Kano mai ɗaki huɗu da ƙofar ƙarfe. Yaya yana Kaduna, Ummi na aure a Katsina, sai biki ko rasuwa ke haɗa mu, sauran kuma a waya. 'Ya'yana kowa na ɗakinsa, sai in kira sau uku ba a ji ba, in tuna lokacin da mutum ɗaya zai yi tari mutum huɗu su ce masa sannu. Ina kewar ƙuncin nan, wallahi ina kewarsa. An raba mu daga baya, gaskiya ne. Amma ba a kan idonta aka yi ba.