Daren Sauke Kaya a Gidan Iya Dudu

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne wawan. Akwai jaki a ciki, amma shi bawan Allah bai yi wa kowa laifi ba. Ni ne dai, Tanko mai rumfar atamfa a kasuwar Mboppi ta Duwala, wanda ya yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko ke nan, ya fito da Faransancin da bai wuce na ciniki da na faɗa da 'yan benskin masu haya da babur ba.

Jikata Nafisa ce ta tono zancen. Tana aiki a wani ofis a Bonanjo, irin wanda ake sa rigar sanyi a cikinsa rana tsaka. Duk ƙarshen wata sai ta zauna a falonmu ta buɗe na'urarta, ta ɗaure fuska kamar alƙali, ta yi abin da take kira bilan. Wai hisabi take yi wa kanta: me ya shigo hannu, me ya fita, yaya jiki, aikin da ta ɗauka ta gama ko ta bar shi a hanya, a ofis kuma gaba take yi ko tsaye take wuri ɗaya. Ran nan na leƙa ta bayan kafaɗarta na ce, "Amarya, wannan abin da kike ƙona mana wuta a kansa, kakata a bakin murhu ta yi shi, ba ta san bihim ba."

Ta ce, "Tsoho, ka fara ke nan."

Na kuwa fara. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ina wannan cika baki ƙafata ta hagu tana cikin huffi, ɗauke da wani miki da ya ƙi warkewa tun farkon damina. Wayar da ake ɗaure dilar atamfa ce ta yanke ni a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, na yi ta ratsa ruwan unguwa da shi. Ba ya ciwo, wannan ya ruɗe ni. Da ya fara wari sai na je na sayi safa da huffi na fata, na koma shafa a kan huffin in zan yi alwala. Mutanen masallaci suka ce Alhaji Tanko ya zama babban malami da tsufansa, ni kuma na karɓi girman ban yi musu ba. Tsorona ɗaya ne: a kai ni asibiti, likita ya fito da wuƙa, 'ya'yana su ce in zauna gida, rumfar da na gina da ƙashin wuyana ta koma hannun wani.

To, ga abin da na ba Nafisa labari.

Gidanmu na New Bell na katako ne, rufin kwano. Wanda bai yi yarinta a Duwala ba bai san ruwa ba, sunansa kawai ya sani. Sai a wuni a kwana ana yi, lambatu ya cika ya tumbatsa, takalman mutane su fita yawo ba masu su. A irin wannan lokaci duniyarmu ba ta wuce rumfar kakarmu Iya Dudu, mahaifiyar babana, wadda aka kawo daga Arewa tana yarinya, ta tsufa tana sayar da waina a bakin masallaci. Bayan sallar isha'i sai ta tona ragowar gawayin murhunta, ta jera mana agade da masara a kai, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Inda kwano ke ɗiga an ajiye tasa, tasar na ta tsal, tsal. Har yau in na ji ƙamshin agade na ƙuna, sai in ji kamar zan juya in ga Iya tana fifita wuta da murfin tukunya.

Kullum ana tatsuniya kyauta, ban da daren da sabon wata ya tsaya. A garin nan ganin jinjirin wata sai mai rabo, gajimare ba ya bari. Amma Iya ba ta taɓa kuskure ba. Sai kawai mu ji ta ce, "Wata ya tsaya a garinmu, ko nan ba su gani ba. Yau daren sauke kaya ne." Nan take ture-turen ya tsaya.

Sai ta jawo fitilar ƙwai kusa, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe maka baki ta duba haƙora, ta ja kunne ta leƙa, ta ɗora ƙafarka a cinyarta ta bi tsakanin yatsu, in ta ga jiga ta zaro allura daga ɗankwalinta. Tana yi tana tambaya. Dalar da kawunka ya ba ka, ina ta shiga? Allonka ina ka kai? Me hannunka ya iya yau wanda bai iya ba a watan jiya? Watan gobe me za ka kawo min? Ba ta duka, ba ta zagi. In ka yi ƙarya sai ta ce, "To, Allah ya ji," wannan kuwa ya fi bulala zafi. Sai kowa ya sauke nasa kayan sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ruwa ya jiƙa ta." Mu ce, "Ta shigo ta sha wuta."

Tatsuniyar wannan dare kusan kullum ɗaya ce, ta wani falke da jakinsa. Falken nan mutum ne mai tsari, ba a taɓa irinsa ba. Duk tsayuwar wata sai ya sami inuwa ya zauna ya bincika lamarinsa. Ya kwance jakar wuri ya duba, ya buɗe huhun goro ya shinshina, ya yayyafa ruwa, ya tambayi matafiya yadda kasuwar gaba take ci. In ya gama sai ya juya ya ce wa jaki, "Kai fa, lafiya?" Jaki ya yi shiru. Falke ya ce, "Madalla, da da matsala da ka faɗa." Akumarin da ke bayan jakin kuwa bai taɓa cire shi ba, don ɗaure shi aiki ne, shi kuma sauri yake.

Sai wani carki, tsuntsun nan da ke bin dabbobi yana cin mikinsu, ya fara bin su. Iya takan matse hanci ta rera waƙarsa: "Falke, falke, ɗaga akumari, tuwona na ƙasa, miyata na ƙasa." Falke ya ce ka ji tsuntsu mai hankali, har ya san manya yana yi musu kirari. Suna nan tafe, saura kwana ɗaya su shiga babbar kasuwa, a tsakiyar daji, jaki ya durƙusa. Aka yi lallashi, aka yi duka, bai tashi ba. Ran nan falke ya kwance akumari, ya ga bayan jaki ya zama rami. Goron na nan lafiya lau, wurin na nan cif, ba mai kai su ko'ina.

Iya sai ta juya agade. Sannan ta ce, "Kaya ba ya kai kansa kasuwa. Ta ƙare, ta faɗa lambatu, ruwa ya tafi da ita kogin Wuri."

Wata rana ta tambaye mu abin da muka gane. Na ɗaga hannu kamar a lakwal na ce, "Da ni ne, jaki biyu zan saya." Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Kai Tanko, Allah ya haɗa ka da mace mai ido." Ban gane addu'a ce ko baƙar magana ba, na dai ce amin don masarar da ke hannunta.

In ana gaskiya, na riƙe al'adar Iya, kuma ta yi min rana. Ina turin amalanke a Mboppi, duk sabon wata sai in zauna in tambayi kaina me na iya wanda ban iya ba. Haka na koyi bambanta atamfa ta gaske da ta jabu da taɓawar yatsa, har wani patron mai babban kanti ya ɗauke ni yaron shago. Haka na gane shayi da burodi na bashi ke cinye ni, na daina. Haka na shiga adashi, na fita da abin kama rumfa. Abokan dakona da yawa sun fi ni ƙarfi da wayo, amma ba wanda ya koya musu su tsaya su waiwaya, ni an koya min ina cin masara. Wannan bashi ne da ba ni da abin biyansa sai addu'a. Sai dai a duk tsawon shekarun nan tambayar jiki amsa ɗaya nake ba ta. In ce, "Kai fa, lafiya?" In ji shiru, in ce madalla.

Na gama ba Nafisa labari ina ta murmushi, ina jiran ta ce Turawa sun yi sata. Sai ta rufe na'urar a hankali, ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gabana, ta shimfiɗa tawul a cinyarta.

Ta ce, "Yau ma ƙarshen wata ne, Tsoho. Miƙo ƙafar."

Na ce, "Wace ƙafa? Ni da alwalata."

"Sai ka sake. Ruwa bai ƙare a Duwala ba."

Na ce mata a shari'a ba a cire huffi haka kawai, na jawo wani Larabci da ni kaina ban san inda na samo shi ba. Ta ce, "Iya Dudu tana karɓar fatawa kafin ta duba yatsu?" Na duba ƙofa, sai na ga matata Hajiya Balaraba tsaye ta harɗe hannu, ta cika ƙofar. Babu hanya. Na miƙa.

Da aka zare safar, Nafisa ta juya fuska ta ɗauki waya ta kira taksi. A asibiti wani likita da bai kai sa'an autana ba ya duba, ya auna jinina, ya ce, "Papa, kana da ciwon suga, shi ya sa ba ka jin zafi. Tun yaushe?" Na ce kwanan nan ne. Hajiya ta ce tun farkon damina. Ya ce da na ƙara jinkiri kaɗan, zancen da za mu yi na guiwa ne, ba na yatsa ba. Suka cire ƙaramin yatsan, suka bar min ƙafata. Wata ma'aikaciya da ke wanke min ciwon kullum sai ta ce, "Ashiya, Papa," wato sannu, ni kuma in ce mata ai rage min nauyi aka yi.

Na yi makonni a kwance, na ga abin da ban zata ba. Rumfar da nake tsoron a ƙwace, ɗana ya riƙe ta, da na warke ya miƙo min makulli. A kwancen nan na yi ta juya tatsuniyar Iya. Ina yaro na ɗauka labarin rowa ne, na mutumin da ya ƙi sayen jaki na biyu. Da na girma na ɗauka labarin kasuwa ne. Sai da na ga silin asibiti na gane falken ba malalaci ba ne, ba jahili ba ne. Yana bincike, kuma da gaske yake yi. Wurin da yake tsoron abin da zai gani ne kawai ba ya taɓawa, sauran binciken kuma shi ke ba shi kwanciyar hankalin ci gaba da tafiya. Na kuma gane dalilin da ya sa Iya ba ta taɓa ce mana mu duba kanmu ba. Ita take ɗora ƙafar a cinyarta. Mutum in shi ne alƙali shi ne mai laifi, shari'a ba ta daɗewa.

Yanzu duk ƙarshen wata ni da Nafisa muke zama. Ita ta yi nata, ta juyo kaina ta tambayi suga, ta tambayi magani, ta tambayi shayin da nake sha a ɓoye a kasuwa, ban san wanda ke kai mata rahoto ba. Na gode wa Allah da ya bar ni da ƙafar zuwa masallaci, na gode wa tsohuwar da ke kwance a maƙabartar unguwar nan, Allah ya kai haske kabarinta.

Ranar Juma'ar da ta wuce abokaina suka zo gaishe ni, muka zauna a ƙofar gida. Na gyara babbar riga na hau wa'azi. Na ce musu kowane magidanci ya ware rana ɗaya a wata ya binciki kansa, na ce ni nan da suke gani hikimar kakata da kaifin bakina wajen ba da labari su suka sa jikata ta farga, su suka ceci ƙafata. Suna ta gyaɗa kai. Hajiya ta fito da tiren shayi, nawa ba sukari, ta dire shi a gabana.

Ta ce, "Alhaji, Nafisa ba ta farga da komai ba. Ni na ga jini a safarka, na yi maka magana ka ce jan ƙasa ne, na kira ta na ce ta ja ka da hira har ka saki jiki. Kai ka duba kanka sau ɗaya a wata ka cika unguwa da surutu. Ni da nake duba ka kullum tun kana turin amalanke, wa ka ji na tara na yi wa wa'azi?"